Tambayoyi da amsoshi kan tiramadol, kodin, penta da mofin: amfaninsu da inda suke cutarwa

Tambayoyin nan su ne waɗanda majinyata da masu jinya suka fi yi a tagar karɓar magani da bakin gadon asibiti, daga cikin garin Gombe har Kumo, Bajoga, Dukku da Kaltungo. Duk adadin da aka ambata na babban mutum ne wanda ƙodarsa da hantarsa ke lafiya. An kawo shi ne don ka fahimci abin da likita ya rubuta maka, ba don ka zama likitan kanka ba.

Waɗanne magunguna ne ake kira dangin mofin?

Babban gidan shi ne mofin. Daga ƙaron wani fure ake samunsa, wanda ake nomawa bisa doka a ƙasashe irin su Indiya da Turkiyya, kuma wani Bajamushe mai haɗa magani, Friedrich Sertürner, shi ya fara tace shi a farkon shekarun 1800. Kodin ma daga furen yake, DF118 kuma ƙanensa ne. Sauran haɗin masana'anta ne: tiramadol da aka fara sayarwa a Jamus a 1977, pentazosin da kowa ya sani da allurar penta, fetidin, tafentadol, da fentanil wanda ya ninka mofin ƙarfi sau 50 zuwa 100.

Babu ɗayansu da ke gyara wurin da ke ciwo. Aikinsu shi ne su tare saƙon zafin a laka da ƙwaƙwalwa, sai mutum ya daina jinsa ko ya daina damuwa da shi. Matsalar ita ce irin 'yan ƙofofin da maganin ke kamawa ba a hanyar zafi kaɗai suke ba. Akwai su a wurin da ke ba huhu umarnin numfashi, akwai su a hanji, akwai su a ɓangaren ƙwaƙwalwa mai sa jin daɗi. Wanda ya riƙe wannan ya riga ya san dalilin kusan duk illolin da za a ambata a ƙasa.

Don wane irin ciwo ake rubuta su?

Ciwo mai tsanani wanda ƙananan magunguna suka gaza: bayan tiyata, karaya, ƙuna, raunin hatsarin mota, tashin ciwon sikila, tsakuwar ƙoda, da ciwon daji. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara matakai uku. A ƙasa akwai parasitamol da su ibufurofen da dikilofenak. A tsakiya kodin da tiramadol. A sama mofin. Ba dole sai an taka kowane mataki ba; wanda aka kawo da karayar cinya ba za a tsaya gwada masa parasitamol ba. Kuma hawa sama ba ya sa a jefar da na ƙasa. Parasitamol giram 1 duk awa 6 tare da mofin yana rage yawan mofin ɗin da ake buƙata.

Ciwon baya ko na gwiwa da ya shekara yana damuna fa?

A nan ne aka fi asara. Ga ciwon da ya daɗe wanda ba daji ba, ribar magungunan nan ƙarama ce, kuma tana raguwa wata bayan wata yayin da illa ke ƙaruwa. Akwai ma wanda dogon shan zai sa jijiyoyinsa su ƙara saurin jin zafi, ya riƙa ƙara magani ciwon na ƙara yaɗuwa. Ciwon kai ma haka: wanda ke shan kodin ko tiramadol kwana 10 ko fiye a wata saboda ciwon kai, maganin da kansa na iya zama mai kawo ciwon. Ciwon haƙori kuwa, parasitamol da ibufurofen miligiram 400 a haɗe sun fi kodin aiki, in dai mutum ba shi da olsa ko ciwon ƙoda. Baya da gwiwa gashi suke so, da motsa jiki, da rage teɓa in akwai.

Nawa ne adadin tiramadol na ƙa'ida? A unguwa ana sayar da mai 225.

Miligiram 50 zuwa 100 duk bayan awa 4 zuwa 6, kuma jimilla kada ta wuce 400 a awa 24. Wanda ya haura shekara 75 iyakarsa 300. NAFDAC ƙarfi biyu kawai ta amince da su, 50 da 100. Mai 120, mai 200, mai 225 da mai 250 duk kayan fasa-ƙwauri ne, kuma ƙwaya biyu na mai 225 sun riga sun tsallake iyakar yini guda.

Sannan lambar da ke jikin kwalin ba shaida ba ce kan abin da ke ciki. A Fabrairun 2025 wani binciken BBC ya nuna cewa ƙwayoyi irin su Tafrodol da Super Royal-225, da ake shigowa da su Afirka ta Yamma daga Indiya, haɗi ne na tafentadol da karisofurodol, wani maganin sake jijiya mai sa barci. Babu ƙasar da ta amince da wannan haɗin, kuma Indiya ta hana yin sa bayan binciken. Mai saye yana zaton tramol ɗin da ya sani ne, alhali abu biyu masu danne numfashi ya haɗiya lokaci guda.

Ni ba don maye nake sha ba, don ƙarfin aiki ne. Ina laifin wannan?

Mun san wannan magana, daga masu dako a Tudun Hatsi, da 'yan acaba, da masu ƙodago a gona lokacin damina. Kuma gaskiya ne ana jin wani kuzari. Tiramadol ya bambanta da 'yan'uwansa domin yana ɗaga wasu sinadarai biyu na ƙwaƙwalwa, sirotonin da noradirenalin, shi ya sa maimakon kasala sai wasu su ji garau. Amma ƙarfi bai ƙaru ba. Gajiyar na nan, ƙararrawar da ke sanar da ita aka kashe. Mutum zai ɗauki buhun da ya fi ƙarfin bayansa, ya yi ta aiki cikin ranar Maris da Afrilu bai ji ƙishirwa ba, ƙoda ce ke biya. Bayan 'yan makonni kuma lissafin ya juye: a da yana sha don ya yi aikin mutum biyu, yanzu sai ya sha kafin ya iya tashi daga shimfiɗa.

Me ya sa masu shan tiramadol ke faɗuwa suna jijjiga kamar masu farfaɗiya?

Saboda waɗancan sinadarai biyu. Tiramadol yana saukar da shingen da ke hana ƙwaƙwalwa tayar da jijjiga. Haɗarin ya fi yawa in an wuce miligiram 400, amma yakan faru a adadin ƙa'ida ga mai farfaɗiya, ko wanda ya taɓa buguwa a kai, ko mai shan maganin damuwa irin su amitiriftilin da fuluwoksetin. Haɗa shi da waɗannan na iya kawo wata cutar daban: zazzaɓi mai zafi, zufa, rawar jiki, gudawa da ruɗewa cikin 'yan awoyi.

In ka ga mutum na jijjiga, kawar da abin da zai ji masa ciwo, sa tsumma ƙarƙashin kansa, kada ka cusa masa cokali ko yatsa a baki, kada a danne shi. Da ya lafa a juya shi gefe. Jijjigar da ta wuce minti 5 ko ta dawo kafin ya farfaɗo, asibiti kai tsaye. Tiramadol kan kuma saukar da sugan jini, don haka mai ciwon suga ya lura.

Likita ya rubuta wa mahaifiyata mofin saboda ciwon daji. 'Yan'uwa na cewa maganin sallama ne, yana gaggauta ajali. Haka ne?

A'a, kuma wannan tsoron ya sa iyaye da yawa sun kwana suna nishi a banza. Dalilin da ya sa ake alaƙanta mofin da mutuwa shi ne a wurinmu ba a cika fara shi ba sai an kai gargara, sai mutane su ga an ba da shi yau an yi rasuwa jibi. Cutar ce ta yi kisan. Mofin da aka fara da ɗan kaɗan, ana ƙarawa a hankali daidai da zafin, ba ya taƙaita kwana. Abin da yake yi shi ne Hajiya ta samu barci, ta ci abinci, ta yi sallarta a natse, ta yi hira da jikokinta. Akwai masu shekara da shekaru a kansa.

Haka zancen kamuwa. Mai ciwon daji da ke shan mofin bisa tsari ba kasafai yake faɗa wa jarabarsa ba. In aka ga ana ƙara masa adadi, yawanci ciwon ne ya ƙaru. Mofin ba shi da wata iyaka guda kamar tiramadol. Adadin da ya dace shi ne wanda ya kwantar da zafi ba tare da ya kwantar da mutumin ba.

Yaya ake ba da mofin na ruwa a gida?

Da farko karanta ƙarfin da ke jikin kwalbar. Akwai mai miligiram 5 a cikin mililita 5, akwai mai miligiram 50 a cikin mililita 5, wato ninki goma. Duk lokacin da aka karɓo sabuwar kwalba a sake dubawa, domin kuskure mafi muni shi ne a auna ruwa daidai da na da daga kwalba mai ƙarfi. A auna da sirinji marar allura. Cokalin shayi na gida ba ma'auni ba ne, wani yana cin mililita 3 wani 7.

Yawanci ana farawa da miligiram 2.5 zuwa 5 duk awa 4, kuma da agogo ake tafiya, ba a jira sai zafi ya dawo: 6 na safe, 10, 2 na rana, 6 na yamma, 10 na dare, 2 na dare. Wasu likitoci kan ninka na 10 na dare don kada a tashi marar lafiya da ƙarfe 2, amma wannan sai likita ya faɗa. In zafi ya ɓarke tsakanin lokuta akwai ƙarin agaji, kashi ɗaya bisa shida na jimillar yini. Misali mai shan 5 sau shida, jimillarsa 30, agajinsa 5. A samu littafi a riƙa rubuta lokaci da adadi. In agajin ya kai sau uku a yini, a koma wa likita da littafin, da shi zai yi lissafin ƙari. Mutum ɗaya ya riƙe aikin bayarwa. Gida mai masu jinya da yawa, wannan ta ba waccan ta ba, nan ake ninkawa ba a sani ba.

Ƙwaya mai sakin magani a hankali, wadda ake sha duk awa 12 kuma aka rubuta SR a kwalinta, ba a tauna ta, ba a daka ta a kunu. In aka fasa ta, maganin awa 12 zai shiga jini gaba ɗaya.

Waɗanne illoli ne za a sa ran gani, kuma waɗanne ke wucewa?

Gyangyaɗi na kwana biyu zuwa uku na farko, yana wucewa. Tashin zuciya da amai ma yawanci ba sa wuce mako, kuma metokulofiramid na taimakawa. Ƙaiƙayi, bushewar baki, jiri in an miƙe da sauri, da wahalar fitsari musamman ga dattijo mai kumburin mafitsara.

Wanda ba ya wucewa shi ne taurin bayan gida. Hanji ba ya sabawa ko an shekara. Saboda haka duk wanda zai yi fiye da kwana biyu ko uku a kan maganin, tun ranar farko a haɗa masa da mai motsa hanji, kamar Dulcolax miligiram 5 zuwa 10 da dare ko senna, wani lokaci da laktulos. Ruwa da gwanda da miyar kuka ko kuɓewa suna taimakawa, amma su kaɗai ba sa isa. Kwana uku ba bayan gida, a faɗa wa likita, kada a ji kunya. In ga kumburin ciki da amai kuma ko tusa ba ta fita, a daina ba da maganin bayan gida a tafi asibiti.

Ɗana mai sikila ne, penta kaɗai ke masa aiki. Mu riƙa yi masa a gida?

Kada ku fara. Zafin tashin sikila na gaske ne, yana cikin mafi tsanani da ɗan Adam ke ji, kuma ya cancanci magani mai ƙarfi cikin rabin awa da isa asibiti. Bai dace a riƙa kallon yaron da ke murƙususu a matsayin ɗan ƙwaya ba. Amma penta a gida hanya ce da ta nakasa matasa masu sikila da yawa a ƙasar nan.

Ga yadda abin ke tafiya. Kwalbar miligiram 30 ce, aikinta awa 3 zuwa 4, kuma tana da rufi: bayan wani adadi ƙari ba ya ƙara sauƙi sai ruɗewa da gane-gane. Ruwan allurar yana ƙona tsoka. In aka yi ta sokawa wuri guda, naman ya taurare kamar itace, gyambo mai zurfi ya buɗe ya ƙi warkewa, ƙafa ko hannu ya kumbura, gwiwa ko gwiwar hannu ta sandare ta ƙi lanƙwasuwa. Ga ƙurji mai ruwa, ga ciwon hanta da ƙanjamau in ana maimaita allura ko ana aro. Sannan penta na ture mofin daga mazauninsa, don haka in an yi wa wanda ke kan mofin, zafi zai dawo har da alamun yankewa, wato ciwon da jiki ke yi in an katse masa maganin da ya saba da shi. Ko da yaushe a faɗa wa ma'aikatan asibiti abin da aka riga aka yi a gida da ƙarfe nawa. Fetidin ma ba a so ga mai sikila, domin abin da yake rikiɗewa ya zama a jiki na taruwa ya kawo jijjiga.

Abin da ya fi shi ne rubutaccen tsari daga asibitin da ke duba shi: me za a sha a gida, da wace alama za a taho. Zazzaɓi, ciwon ƙirji, haki, ko fari fat na ido da tafin hannu ba na gida ba ne. Wanda ciwon ke yawan tasar masa, a tambayi likita batun haidiroksiyuriya, wanda ke rage yawan tashin tun daga tushe.

Da me bai kamata a haɗa su ba?

Duk abin da ke sa barci: diyazifam wato Valium, Rohypnol da matasa ke kira roci, Lyrica, furometazin, Piriton, maganin tari mai sa gyangyaɗi, da giya. Kowanne shi kaɗai jiki na iya ɗauka, a haɗe kuwa numfashi suke tarar wa. Yawancin mace-macen da ake jingina wa magungunan nan, in aka bincika, haɗi ne. A kuma lura da ƙwayoyin kodin masu parasitamol a ciki. Wanda ke shan su yana ƙarawa da Panadol zai wuce giram 4 a yini bai sani ba, hanta kuma ba ta nuna alama sai bayan kwana biyu ko uku.

Ta yaya zan gane mutum ya sha fiye da kima, kuma me zan yi?

Alamu uku: ba ya tashi ko an girgiza shi, numfashi ya ja baya, ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura. Ɗora hannu a ƙirjinsa ka ƙirga minti guda cur. Lafiyayye 12 zuwa 20 yake yi. Ƙasa da 10 akwai haɗari, ƙasa da 8 rai na kan siraɗi. Leɓe da farce su yi toka-toka, jiki ya yi sanyi da danshi. Minshari mai kakari ga wanda ba ya minshari ba barci mai daɗi ba ne, maƙogwaro ne ke rufewa. Da tiramadol ƙwayar ido ba lallai ta tsuke ba, kada rashin wannan ya yaudare ka.

Kira sunansa da ƙarfi, murza ƙashin ƙirjinsa da gaɓoɓin yatsu. In bai motsa ba, wani ya nemo mota ko Keke Napep nan take. In yana numfashi, kwantar da shi a gefe, kai ya ɗan karkata baya, don kada amai ya shiga huhu. In numfashi ya tsaya ko ya kusa, kwantar da shi rigingine, ɗaga haɓa, toshe hanci, hura masa iska a baki sau ɗaya duk daƙiƙa 5, har a cikin mota. Kada a ɗura masa madara ko manja ko ruwan gishiri. Wanda ba ya hayyacinsa huhu suke tafiya. Kada a sheƙa masa ruwa a ce a bar shi ya yi barci ya wartsake. A tafi da kwalin abin da ya sha, a faɗi gaskiya.

A asibiti akwai makari, nalokson, allurar miligiram 0.4 da ake maimaitawa duk minti 2 zuwa 3 har numfashi ya dawo. Aikinta minti 30 zuwa 90 ne kawai, maganin da aka sha kuwa ya fi ta daɗewa. Shi ya sa wanda ya farka ya ce shi gida zai tafi bai kamata a biye masa ba, yana iya sake sumewa a hanya.

Kwana nawa ake yi kafin a kamu?

Abu uku ake cakuɗawa. Na farko jiki ya saba har adadin da ke aiki ya daina isa. Na biyu jiki ya dogara, in an yanke a ji ciwo. Wannan na iya samun kowa, malami ko jahili, bayan mako ɗaya zuwa biyu na shan yau da kullum, kuma ba laifin hali ba ne. Na uku shi ne jarabar: mutum na sha ba don ciwo ba, yana ɓoyewa, yana zagaya kemis-kemis, yana cin bashi, ya ga illa ƙiri-ƙiri ya kasa bari. Ga ciwon rauni ko ƙaramar tiyata, kwana 3 sukan isa, da wuya a buƙaci fiye da 7, kuma kowane ƙarin kwana na ƙara yiwuwar a zarce. Wanda ya taɓa shaye-shaye, ko yake fama da damuwa, ko abin ke cikin danginsa, ya sanar da likita tun farko.

Na daina sha sai na kama zazzaɓi da gudawa. Maleriya ce?

Wataƙila yankewa ce. Takan fara awa 8 zuwa 24 bayan shan ƙarshe, ta yi tsanani a kwana na biyu da na uku, ta lafa cikin kwana 4 zuwa 10. Hamma ba ƙaƙƙautawa, majina, hawaye, tsigar jiki na tashi, ciwon gaɓoɓi, murɗar ciki, rashin barci. Na tiramadol kan zo da fargaba da jin kamar lantarki na ja a kai. Mutane da yawa sun sha maganin maleriya da taifot a banza a wannan hali. Gwajin jini zai raba gardama.

Ba a yankewa farat ɗaya. Ana rage kusan kashi 10 cikin ɗari duk mako, wanda ya shekara a kai kuma duk wata. Ɗaure mutum da mari ko kulle shi a ɗaki ba ya cire jaraba. Wuri mafi haɗari kuma shi ne bayan an daina: mako biyu kacal sun isa jiki ya manta sabonsa, in mutum ya koma kan adadinsa na da, shi ne zai kashe shi. Wanda ya fito daga gidan gyaran hali ko gidan yari, iyalinsa su san wannan. Ana samun taimako a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, da na Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri. NDLEA ma na da masu ba da shawara.

Yara, masu ciki da masu shayarwa fa?

Kodin da tiramadol ba na yaro ƙasa da shekara 12 ba ne, haka wanda bai kai 18 ba in an yi masa aikin cire ƙululun maƙogwaro. Dalili: kodin sai hanta ta mai da shi mofin yake aiki, hantar wasu ba ta iyawa sam, ta wasu kuma tana yi da gudu fiye da kima, kuma ba a gane su da ido. Mai jego irin wannan nononta zai ɗauki mofin mai yawa zuwa ga jariri, shi ya sa ba a ba mai shayarwa su. Jaririn da ya cika barci, ya saki nono, jikinsa ya yi laƙwas, a kai shi asibiti. Yaro mai ciwo mai tsanani mofin ake ba shi a asibiti bisa nauyinsa. Mai ciki da ta riga ta saba sha kada ta yanke da kanta, yankewar na iya jawo ɓari ko naƙuda kafin lokaci. Ta faɗa a wurin awo, domin jaririn ma zai buƙaci kulawa bayan haihuwa.

Dattijai da masu ciwon ƙoda?

Rabin adadi ake farawa da shi, a kuma tsawaita tazara, domin ragowar mofin da kodin ta ƙoda take fita. Mai tsananin ciwon ƙoda tiramadol ɗinsa duk awa 12 ne, bai wuce miligiram 200 a yini ba. A kula da faɗuwa a makewayi da dare. Masu asma, da masu ɗaukewar numfashi cikin barci, da wanda ya bugu a kai, likita ya sani kafin ya rubuta.

Gaskiya ne tiramadol na ƙara ƙarfin namiji?

Yana jinkirta kawowa, iyakarsa ke nan. Dogon shan kowane ɗan gidan mofin yana saukar da sinadarin mazakuta, sai sha'awa ta mutu, gaba ya yi rauni, maniyyi ya ragu. Mata kuma al'ada ta rikice ko ta ɗauke. Saurin kawowa na da magani a asibiti wanda ba ya kama mutum.

Zan iya azumi ina kan maganin?

Mai shan mofin duk awa 4 ba zai iya ba, kuma Alƙur'ani ya ba marar lafiya rangwame a Suratul Baƙara, aya ta 184 da 185. Mai shan na awa 12 ya zauna da likitansa kafin watan ya kama, domin daga sahur zuwa buɗa-baki a nan ya ɗan haura awa 12. Abin da ba a yi shi ne tara na yini a shanye da sahur.

Zan tafi Hajji ko Umara, in tafi da maganina?

Da takardar likita mai hatimin asibiti, ɗauke da sunanka da sunan maganin da adadinsa, a cikin kwalinsa na asali, daidai kwanakin tafiya. Ka tuntuɓi likitocin hukumar alhazai tun kafin tashi. Saudiyya da Masar da Daular Larabawa ba sa wasa da tiramadol. Kada ka karɓi saƙon da ba ka buɗe ba, kada kuma ka bar jakarka ba kulle.

In suna da haɗari haka, me ya sa ba a hana su gaba ɗaya ba?

Domin babu abin da zai maye gurbinsu a ɗakin tiyata da gadon mai daji. Amurka ta ɓata ne ta hanyar yawan rubutawa, tun daga fitowar ƙwayar OxyContin, wata 'yar gidan mofin, a 1996, har a 2021 mutum fiye da 80,000 suka mutu ta dalilin dangin mofin, akasari fentanil na bayan fage. Namu ciwon kashi biyu ne. Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi na 2018 ya ƙiyasta 'yan Najeriya miliyan 4.6 na shan su ba bisa umarnin likita ba, miliyan 2.4 kuma na shan maganin tari don maye. A watan Mayun shekarar ne gwamnati ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin. A lokaci guda kuma mai ciwon daji a ƙauye kan rasa mofin na 'yan kuɗi kaɗan. Bisa doka mai ƙaramin kemis ba shi da izinin sayar da ko ɗaya daga cikinsu. Na famasi mai rajista ne ko na asibiti, da takardar likita.

Maganin ya rage bayan an warke ko an yi rasuwa. Yaya za a yi da shi?

A mayar wa sashen magani na asibitin da ya bayar. Kada a ajiye don wata rana, kada a ba maƙwabci mai ciwon haƙori; adadin da mai daji ya saba da shi zai iya tsayar da numfashin wanda bai taɓa sha ba. Kafin a mayar, yana cikin akwati mai kwaɗo, nesa da rana, ba a kan firji ko ƙarƙashin filo ba, kuma a riƙa ƙirga ƙwayoyin in akwai samari a gidan. Mofin na ruwa kada a juye shi a robar lemo, yaro zai ɗauka abin sha ne.